Shadda: asalinta, yadda ake gane mai kyau, da yadda ake kula da ita

Ko a unguwar Nima ta Akra, ko Birketeri ta Yawunde, ko Zangon Kwatano, da wuya a yi biki ko suna ko Sallah ba a ga mata cikin shadda ba. Masu jin Faransanci na ce mata bazin, a Gana kuma ana jingina sunanta da ƙasar Gini. Tana cikin yaduka mafi tsada da mace ke saye ko ake sa mata a lefe, kuma abin da ake biyan kuɗin dominsa shi ne sheƙinta da tsayuwarta a jiki. Wannan sheƙin kuwa wanki ɗaya na ganganci ya isa ya tafi da shi.

Mece ce shadda?

Shadda yadin auduga ne da ake saƙa shi da zanen fure ko wani ado a cikin jikinsa. Bambancinta da atamfa ke nan: ita atamfa buga mata zane ake yi a sama da launi, shadda kuwa zaren ne da kansa ke fitar da adon. A wani wuri zaren tsaye ke hawa sama, a wani wurin zaren kwance, sai haske ya riƙa faɗa musu daban-daban. Shi ya sa ake ganin furen ko da shaddar fara ce fat. Turawa sun sa wa irin wannan saƙa sunan birnin Dimashƙa na Siriya, ana kuma yin ta a kan masaƙar da Bafaranshe Joseph Marie Jacquard ya fito da ita a 1804.

Sheƙin yana zuwa ta hanyoyi uku. Na farko ingancin audugar, domin auduga mai dogon gashi ita ke ba da siririn zare mai santsi. Na biyu, ana tsoma zaren ko yadin cikin ruwan soda mai ƙarfi yana miƙe, dabarar da ta samo asali daga wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, a 1844. Wannan na sa zaren ya yi ƙyalli, ya kuma fi shan rini. Na uku, ana bi da yadin tsakanin manyan ƙarafa masu zafi da ke danne shi, a shafa masa abin da zai ba shi ƙarfi. Na farko da na biyu suna cikin jikin yadin, ruwa ba ya fitar da su. Na ukun a sama yake, shi wanki ke ragewa, shi ne kuma ake iya maidowa da ƙaro da bugu.

Daga ina take zuwa?

Ko da yake Afirka ta Yamma ce babbar kasuwarta, mafi yawan shadda daga waje ake saƙo ta. Sunan da ya fi fice shi ne Getzner, kamfanin da aka kafa a 1818, mai masaƙa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Daga sunansa aka samu kalmar gezna. Akwai masaƙu a Jamus da Jamhuriyar Cek, sannan ƙasar Sin ta cika kasuwa da mai sauƙin kuɗi. A ƙasashen renon Faransa 'yan kasuwa kan kasa ta gida uku: bazin riche ita ce ta ɗaya, sai matsakaiciya, sai moins riche, wadda sau da yawa ake gauraya audugarta da zaren roba.

Wannan asali yana taɓa farashi. Shaddar Turai da kuɗin yuro ake sayo ta, sefa kuwa, ta yamma da ta tsakiyar Afirka, a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957. Don haka farashinta a Kamaru da Cadi da Benin da Nijar bai cika tsalle irin na kasuwannin naira ko sidi ba, ko da yake kuɗin kwastan da na sufuri kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Galila: aikin matan Bamako

Shadda mai yawa fara take isowa Afirka, a nan ake ba ta launi. Birnin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne Bamako, inda akasarin masu rini mata ne. Irin wannan rinin ne Hausawa ke kira galila. Kafin a tsoma yadin, akan ƙulle wasu wurare da zare, ko a ɗinke su a tattare, ko a buga musu narkakken kakin kyandir, don kada rini ya shiga nan. Idan launi uku ake so, sai an tsoma sau da yawa, kowane da nasa ƙulli. Shi ya sa galila mai launuka da yawa ta fi mai launi ɗaya tsada.

Bayan rini sai a tsoma yadin a ruwan ƙaro, a shanya, a kai wa masu bugu. Su kan shimfiɗa shi a kan gungumen itace mai santsi, su yi ta dukansa da gudumar katako har ya kwanta ya ɗauki sheƙi. Bahaushe ya san wannan aiki tun da daɗewa, domin da bugu ake fito da ƙyallin rawanin ɗan Kura a ƙasar Kano. Ƙaron kuma na gida ne: daga itacen ɗakwara da danginsa ake samunsa, Sudan da Cadi da Najeriya na cikin manyan masu fitar da shi.

Yadda ake gane mai kyau

Hatimin zinare da takardar da ke manne a jikin yadi ba su isa hujja ba, domin masu jabu ma suna buga su. Ƙamshi ma haka. Abin dubawa shi ne yadin kansa:

- A ɗaga shi ga haske. Mai kyau saƙarta a matse take, furen ya fita sarai ta ciki da ta waje.
- A murza gefensa tsakanin yatsu. Idan wani farin gari ya zubo, wurin kuma ya saki nan take, ƙarfin na sitaci ne kawai.
- A zare 'yan zaruruwa daga bakin yadin a ƙona. Auduga na warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri.
- Idan galila ce, a goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gefe. Ɗan alamar launi ba laifi ba ne, amma idan ƙyallen ya rine sosai, ba a ɗauraye rinin da kyau ba, zai kuma ɓata fata da mayafi.

Sai batun awo, inda masu saye a ƙetaren iyaka ke yawan asara. A Najeriya da Gana da yadi ake awo, a ƙasashen sefa kuwa da mita. Yadi ɗaya santimita 91.4 ne, wato yadi 10 bai wuce mita 9 da santimita 14 ba. Wadda ta aika Kantin Kwari a sayo mata "biyar" alhali telanta na Duwala mita biyar yake nufi, za ta tarar kusan rabin mita ya yi ƙafa, a nan kuwa ɗankwali yake. A tambayi faɗi ma, don wata shaddar ta wuce mita ɗaya da rabi, wata ba ta kai ba. Idan an ga farashi ya yi ƙasa da na kowa a kasuwa, a tuna araha ba ta ado.

Ɗinki da kwalliya

Shadda tana da tsayuwa, ba ta bin jiki kamar leshi ko yadi mai santsi, don haka ta fi kyau a ɗinkin da ke ba ta fili. Babbar buba, wadda ake kira grand boubou, ita ce ta fi nuna furenta da sheƙinta. Riga da zane, ko riga da siket, ko taille basse irin ta matan Senegal, duk suna karɓarta, in dai tela ya bar sarari a hammata da ƙirji. Matsattsen ɗinki na sa gumi ya kama ta, auduga kuma takan ɗan tsuke a wankin farko. Yana da kyau a ce wa tela ya bar rara a cikin ɗinkin, don a iya buɗawa daga baya.

Wajen ado, shadda mai launi ɗaya tana ɗaukar aiki mai nauyi a wuya da hannu. Galila mai zane da yawa kuwa ta riga ta yi adonta, ɗan aiki kaɗan ya ishe ta, mayafin ma a zaɓi launi ɗaya daga cikin launukan jikinta. Aikin zare ya fi duwatsun da ake mannawa daɗewa, domin zafin guga da wanki na ɓamɓare su. Mace marar tsawo ta fi fita idan aikin ya gangaro daga wuya zuwa ƙasa maimakon ya kewaye ƙugu. Mai son ɗinkin Sallah ta kai wa tela da wuri, ta auna yadin a gabansa, su yi magana a kan ragowar.

Wanki da guga

Babbar dokar ita ce a rage yawan wanki. Kayan da aka sa na 'yan sa'o'i a wurin biki, a juya su a rataye a inuwa su sha iska, ba sai an kai su ruwa ba. Sa 'yar shimi ta auduga a ciki na tare gumi. Idan wankin ya zama dole:

- A wanke da hannu, a ruwan sanyi, da sabulu marar ƙarfi, kowane launi shi kaɗai.
- Kada a jiƙa ta ta kwana, kada a sa burushi, kada a murɗe ta wajen matsewa.
- Ruwan jabel na cin launi, yana kuma raunana zare. Ko a fara ma, yawan sa shi na rage mata kwana.
- A shanya ta a juye, a inuwa. Rana mai zafi irin ta Njamena ko Marwa na koɗar da launi da sauri.
- A jiƙa ƙaro ya narke, a tace shi da ƙyalle don kada ya bar tabo, a tsoma kayan, a shanya. Wadda ba ta samu ƙaro ba ta sa sitaci, sai dai yakan bar fari-fari a kan launi mai duhu.

Inda akwai masu bugu, bugu ya fi guga fito da sheƙi. Inda babu, a goge ta da ɗan danshi, a fara ta ciki, a ɗora ƙyalle a kan wurin aiki. Mai dutsen guga na gawayi ta kula da tartsatsi, don ƙaramar ɓula a gaban buba ba ta gyaruwa.

Tabo kuwa da zafinsa ake fitar da shi. Idan mai ne, a barbaɗa hoda ko garin alli ya tsotse kafin a wanke. Tsatsa a kan fara, lemon tsami da gishiri. Kada a goge tabon da bai fita ba, zafi na zaunar da shi. Humra da sauran turaruka masu mai a jiki ake shafa su, a bari su bushe kafin a sa kaya. Turaren wuta a kan kabbasa shi ya fi dacewa da shadda, amma a rage garwashi, kuma kada a daɗe da fara a kai, don hayaƙi na sa ta ja.

Ajiya: kowane gari da irin matsalarsa

A garuruwan bakin teku kamar Duwala, Kwatano, Lome da Abijan, damshi ne abokin gaba. Kayan da aka ninke ba su gama bushewa ba, ko aka ƙulle a leda, sukan yi fumfuna, baƙin ɗigon da take bari kuma da ƙyar yake fita. A nannaɗe su a tsohon zanen auduga mai tsabta, a ɗaga akwati daga ƙasa, a nisanta shi da bango, a riƙa fito da kayan suna shan iska lokacin damina. Kayan da za su daɗe a ajiye, gara a ajiye su ba sitaci, domin sitaci abincin kyankyaso ne da sauran ƙwari.

A Yamai, Garwa ko Njamena kuwa, ƙurar hunturu da hasken rana ne abin gudu. Rufaffen akwati ya fi rataya a fili. A ko'ina, a riƙa sauya wurin ninki bayan 'yan watanni, saboda shadda mai ƙarfi takan koɗe, har ta tsage, a kan layin da ta daɗe a ninke. Kada a bar allura ko fil a jiki, suna tsatsa.

Masu sa kafur a akwati su yi hattara. Guba ne idan yaro ya haɗiye, kuma irin wanda ake yi da sinadarin naftalin na iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Kada a haɗa kayan jariri da kayan da aka ajiye da shi, mai jego kuma ta shanya nata su sha iska sosai kafin ta sa.

Idan ta tsufa

Shaddar auduga zalla tana karɓar rini sau biyu, har sau uku. Fara da ta yi ja za a iya mayar da ita ruwan hoda ko shuɗi mai haske, daga baya a kai ta launi mai duhu. Rini daga haske yake tafiya zuwa duhu, ba ya komawa baya. A sani cewa zaren aiki, idan na roba ne, ba zai kama sabon launin ba, don haka a nuna wa mai rini kafin a yanke shawara. Babbar buba da ta gaji a wuya kuma tana da yadin da zai fitar da riga da siket na yarinya, ko zane da ɗankwali na zaman gida.