Jarida da radiyo a cikin aji: tarihin kayan koyar da Ingilishi da ilimin kafofin labarai a kwalej da lise

1. Gabatarwa

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da hukumomin Nijar suka fito da shi ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma aje Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗora wa malamin Ingilishi na kwalej da na lise nauyi fiye da na da, alhali kayan aikin da ke hannunsa ba su wuce alli da baƙin allo da ƴan tsofaffin littattafai ba. A gefe guda kuma, ɗalibin da ke gabansa yana shigowa aji da labaran da ya ji a radiyo, ko ya gani a wayar yayansa, ba tare da an taɓa koya masa yadda ake tantance su ba.

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu bi diddigin abubuwa biyu waɗanda tarihi ya haɗa: kayan koyar da Ingilishi, da kayan koyar da ilimin kafofin labarai, watau koya wa yaro yadda zai karanta jarida, ya saurari radiyo, ya kalli hoto da idon basira. Za mu fara da Ingila da Faransa, inda wannan fanni ya samo asali, kana mu komo ga abin da aka yi a Nijar tun daga samun mulkin kai.

2. Ingila: fannin da aka haifa a cikin darasin harshe

A Ingila, malaman harshe ne suka fara shigo da jarida cikin aji. A 1933, F. R. Leavis da Denys Thompson suka buga wani littafi don amfanin malamai mai suna Culture and Environment. A cikinsa sun tanadi ayyukan da ɗalibi zai yi a kan tallace-tallace da rubutun jaridu. Manufarsu ita ce rigakafi: a ganinsu jarida da silima suna ɓata harshe da tunani, saboda haka sai a nuna wa yaro dabarunsu don ya kare kansa. A wannan shekara ce kuma aka kafa cibiyar fim ta Biritaniya, wadda daga baya ta riƙa ba makarantu aron finafinai da takardun bayani.

A 1964, Stuart Hall da Paddy Whannel suka kawo wani ra'ayi a littafinsu The Popular Arts. Su sun ce a cikin finafinai da kiɗan zamani akwai mai kyau, akwai maras kyau, kuma aikin malami shi ne ya taimaki ɗalibi ya rarrabe. Sai a 1985 Len Masterman, a littafinsa Teaching the Media, ya kafa harsashin da ake bi har yau. Gundarin maganarsa shi ne: abin da ke fitowa a akwatin talabijin ba duniya ba ce kamar yadda take, wani ne ya zaɓa, ya yanke, ya jera. Ke nan tambayoyin da suka kamata ɗalibi ya yi su ne: wa ya shirya wannan, da kuɗin wa, don wa, kuma me aka bari ba a faɗa ba?

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda aka samar da kayan aikin. A 1975 hukumar ilimi ta tsakiyar birnin Landan ta buɗe wata cibiya ta malaman Ingilishi, inda malamai da kansu suke haɗuwa su rubuta ƙananan littattafai, su gwada su a azuzuwansu, su gyara, kafin a buga. Da aka rushe hukumar a 1990, cibiyar ta ci gaba da zaman kanta da sunan English and Media Centre. A 1988 aka yi jarrabawar GCSE ta farko, kuma nazarin kafofin labarai yana cikin darussanta. Rahoton Cox na 1989 ya sanya shi a cikin manhajar Ingilishi. Amma gyaran manhaja na 2014 ya janye shi daga darasin Ingilishi, abin da ke nuna cewa ko a can matsayin fannin bai taɓa zama da gindinsa ba.

3. Faransa da UNESCO

A Faransa hanyar ta bi ta wajen jaridar ƴan makaranta. A 1924 wani malamin ƙauye, Célestin Freinet, ya shigo da ƙaramin injin ɗab'i cikin ajinsa a Bar-sur-Loup. Yara suka riƙa rubuta labaransu, suna jera baƙaƙe da hannunsu, suna aika jaridarsu ga ƴan wata makaranta. Sai a 1976 ne ma'aikatar ilimi ta yarda a hukumance a yi amfani da jaridun kasuwa a cikin aji. A 1982, a taron Grünwald na ƙasar Jamus, UNESCO ta fito da sanarwar da ta kira gwamnatoci su koyar da wannan ilimi tun daga ƙananan makarantu har jami'a. A 1983 Faransa ta kafa cibiyar CLEMI, wadda tun 1990 take shirya makon jarida a makaranta, inda gidajen jaridu ke aika wa makarantu da bugunsu kyauta. Sai dai a tsarin Faransa fannin bai zama darasi mai zaman kansa da jarrabawarsa ba. An rarraba shi tsakanin malamin Faransanci da na tarihi da mai kula da ɗakin karatu. Wannan tsari ne ya fi kusa da wanda Nijar ta gada.

4. Nijar: radiyo da talabijin a matsayin malami

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tana ma cikin ƙasashen da suka riga saura. An buɗe gidan Radiyo Nijar a 1958. A 1962 aka kafa ƙungiyar radiyo-kulob: mutanen gari suna taruwa su saurari shiri da Hausa ko Zabarmanci, su yi muhawara, mai jagorar kulob ya ɗauki maganarsu a kaset ya aika Yamai, a sa ta cikin shiri na gaba. A nan manomi ya ga da idonsa yadda ake ɗaukar magana, a yanke ta, a watsa. Haka kuma ma'aikatar yaƙi da jahilci ta riƙa buga jaridu da harsunan ƙasa, irin su Ganga, don manya masu koyon karatu.

A 1964 aka fara talabijin na makaranta, da taimakon Faransa, da azuzuwa biyu na gwaji a Yamai. A 1966 aka faɗaɗa shi ga yara wajen 800 a ƙauyukan da ke kewaye. Darasin yana fitowa a akwati, sa'an nan wani mataimakin malami, wanda bai yi dogon horo ba, ya ci gaba da aiki da yara bisa ga takardun da aka aiko masa. A wasu makarantun an gwada faifan hasken rana don ba akwatunan wuta. Yaran sun ba masu bincike mamaki wajen magana da Faransanci, amma shirin yana da tsada, ya dogara ga ma'aikata da kuɗin waje, kuma bai haɗu sosai da sauran makarantun gwamnati ba. An rufe shi a 1979, kayan aikinsa da ma'aikatansa suka zama tushen gidan Télé Sahel.

Abin lura a nan shi ne: an yi amfani da radiyo da talabijin don su koyar, amma ba a aje su a kan teburi an ce wa ɗalibi ya bincike su ba. Kuma dukkan wannan ƙoƙari ya tsaya a makarantar firamare da karatun manya. Kwalej da lise ba su ci gajiyarsa ba.

5. Littattafan Ingilishi na kwalej

A Nijar ana fara Ingilishi a ajin farko na kwalej, watau siziyam, ana kuma jarraba shi a BEPC da bakaloriya. Tun farko an yi ƙarancin malamai. A 1962 rukunin farko na ƴan sa kai na Amurka, Peace Corps, ya iso, kuma koyar da Ingilishi ya kawo su. Buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, shi ya ba da damar horar da ƴan ƙasa.

Littattafan farko an rubuta su ne don ƴan makarantar Faransa, da labarin sanyi da jirgin ƙasa na Landan, abin da yaron Tasawa ko Madawa bai taɓa gani ba. Daga baya aka sami jerin English for French-Speaking Africa, wanda kamfanonin Armand Colin da Longman suka buga don ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci gaba ɗaya. A 1974 aka kafa INDRAP don rubuta kayan koyarwa a cikin gida, shekara guda bayan buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Babban ci gaban da aka samu shi ne jerin English for the Sahel, wanda malaman Nijar suka sa hannu wajen rubuta shi da taimakon Amurkawa, inda sunayen mutane da kasuwa da gona suka zama irin waɗanda ɗalibi ya sani.

Sai shekarun 1990 suka zo da nasu wahalhalu: matsin tattalin arziki, bashin albashi, yajin aiki, da shekarun da suka wuce ba a yi karatun kirki ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, sai farashin duk littafin da aka bugo a waje ya tashi. A makarantu da yawa littafi guda ya koma na yara da dama, malami ya koma rubuta darasi a allo yara suna kwafa a kaye. Daga ƙarshen shekarun ne aka shiga ɗaukar malaman kwantaragi masu gajeren horo. A watan Janairu na 2011 kuma Peace Corps ta janye mutanenta saboda matsalar tsaro.

6. Yalwar labarai, ƙarancin jagora

Lokacin da littafi ke ƙaranci a aji, a waje labarai sai yawaita suke yi. A 1990 Ibrahim Cheick Diop ya fito da jaridar Haské, a 1991 Maman Abou ya kafa Le Républicain. Babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, an watsa shi a radiyo, jama'a suka ji ana yi wa manya tambayoyi a fili. A tsakiyar shekarun 1990 gidajen radiyo masu zaman kansu, irin su R&M da Anfani, suka buɗe.

Ga mai jin Hausa kuwa, ƙofa ta daɗe a buɗe. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007, ga kuma na Jamus da na Kaduna. Iyakarmu da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma ta nan ne kaset ɗin finafinan Kano suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni. Daga baya wayar salula da WhatsApp suka mai da saƙon murya babbar hanyar yaɗa labari, na gaskiya da na ƙarya, ko ga wanda bai iya karatu ba. A watan Agusta na 2023 hukumomi suka dakatar da RFI da France 24, a watan Disamba na 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku. Duk ra'ayin da mutum yake da shi game da waɗannan matakai, sun tabbatar da cewa tambayar Masterman, wa ke magana kuma da kuɗin wa, ta zama tambayar yau da kullum, kuma ta shafi kafofin gida kamar yadda ta shafi na waje.

7. Kammalawa

Daga wannan tarihi mun fahimci abubuwa uku. Na farko, kayan koyarwar da suka daɗe su ne waɗanda malamai suka rubuta da kansu, kamar na cibiyar Landan da English for the Sahel. Waɗanda suka dogara ga injin waje da kuɗin waje, kamar talabijin na 1964, sun tsaya da tsayawar tallafi. Na biyu, ilimin kafofin labarai bai buƙaci sabon darasi kafin ya fara ba: a cikin darasin harshe ya tsiro, kuma nan ne ya fi sauƙin shiga a wurinmu, tun da sa'o'in kwalej sun riga sun cika. Na uku, ɗalibin kudancin Nijar yana da wata dama da ɗan Landan ba shi da ita: yana iya samun labari guda cikin harsuna uku.

Saboda haka muna ba da shawarar a fara da abin da ke hannu. Malami ya ɗauki labari guda, misali na farashin hatsi ko na ambaliya, kamar yadda jaridar Le Sahel ta ba da shi da Faransanci, da yadda wata jaridar Nijeriya ta ba da shi da Ingilishi, da yadda aka ji shi a radiyo da Hausa. Yara su gwada kanun labarin, su ƙidaya waɗanda aka ba dama suka yi magana, su nemo kalmar da ta sauya wajen fassara, kana su rubuta nasu da Ingilishi cikin jimla goma. Wannan aiki shafi biyu na fotokopi ya ishe shi, kuma yana koyar da nahawu da tantance labari a lokaci guda.

Jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, waɗanda aka kafa a 2010, tare da ta Yamai da INDRAP, suna iya tara malaman Ingilishi na kowace jiha lokacin hutu, su rubuta irin waɗannan takardu, a gwada su wata uku a aji, a gyara, sa'an nan a buga. Haka kuma wajibi ne a tattara abin da ya rage na kaset ɗin radiyo-kulob da takardun talabijin na makaranta, a ji ta bakin tsofaffin ma'aikatansu da ke raye, domin waɗanda za su rubuta sababbin kayan su san abin da aka riga aka gwada a ƙasar nan da dalilin tsayawarsa.