Yadda Jidda Ta Koyi Gano Ciwon Marasa Baki

A wani asibitin dabbobi da ke arewacin Jidda na ga an kwantar da wata farar kyanwa 'yar Farisa rigingine. An aske mata ciki, an shafa wani mai mai yauƙi, likita yana zagayawa da kan na'ura a hankali. Can sai ga ƙodarta a allo, ɗauke da wasu baƙaƙen ƙulluttai masu ruwa. Ya nuna da yatsa ya ce wa mai kyanwar, "Hajiya, ga abin da ya hana ta cin abinci. Gado ne a irin jinsinsu." Matar ta ce ita da tsutsar ciki take zato, har ta yi mako biyu tana ɗura mata magani.

Kafin a zo nan an sha tafiya. A da, ido da hannu su ne kayan aikin mai duba dabba: ya buɗe baki, ya leƙa ido, ya matsa ciki, ya dubi kashi. A 1895 Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, kuma shekara ba ta zagayo ba aka fara ɗaukar dabbobi hoto da shi a Turai. Sikanin don a san mai ciki kuwa, tumaki aka fara yi wa a shekarun 1960, sannan goɗiyoyi wajen 1980.

Jidda ta shigo wannan fage ne ta tashar jiragen ruwa. Nan ake sauke raguna, awaki da raƙuma daga Sudan da Somaliya, musamman gab da aikin Hajji, kuma duk inda dabbobi suka yi cincirindo cuta na biye. Jami'ar Sarki Faisal, wadda aka kafa a 1975, ita ta fara yaye likitocin dabbobi a Saudiyya, can a Al-Ahsa. Amma annoba ce ta koyar da darasi mafi tsada. A 1995 aka gano ƙwayar cutar Alkhurma a jinin majinyata a Jidda, cikinsu har da mahauta, cutar da kaska ke ɗaukowa. A Satumban 2000 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a Jazan, karo na farko da ya ƙetare Afirka, ya kashe mutum fiye da 100, aka rufe ƙofa ga dabbobin gabashin Afirka. A 2012 kuma wani likita ɗan Masar, Ali Mohamed Zaki, ya gano ƙwayar MERS a jikin wani majinyaci a Jidda, daga baya gwajin jini ya kai masu bincike ga raƙuma. Kowane karo, ɗakin gwaje-gwaje ne ya faɗi abin da ido ya kasa gani, har killacewa da ɗibar jini suka zama ka'ida.

Dabbar gida ita ce ta zo a ƙarshe. Kyanwa dai tana da daraja a Musulunci, sunan Abu Huraira ma ya isa shaida, amma a 2006 sai da hukuma ta hana cinikin kyanwoyi da karnuka a Jidda da Makka. Zamani ya juya. A 2013 Saudiyya ta amince da dokar jin ƙan dabbobi ta ƙasashen yankin Gulf, kuma yau asibitocin dabbobi masu zaman kansu sun yawaita a birnin, da na'urar hoton ƙashi, da ta sikanin, da injin gwada jini mai ba da sakamako kafin ka bar wurin.

Amfanin a fili yake. Kyanwa na ɓoye ciwo, kuma tsohon gwajin ƙoda ba ya nuna komai sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikinta ya lalace. Gwajin jini na SDMA da ya fito a 2015 yana kama matsalar tun da sauran dama. Ƙashin kaza da ya maƙale a hanji, ko tsakuwa a mafitsarar muzuru, hoto ɗaya ke raba gardama.

Da na fito daga asibitin sai gida ya faɗo mini a rai. Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tun 1924, muna da tsangayar likitancin dabbobi a Zariya, amma har gobe akuya na yin sanyi sai a garzaya kasuwa a sayo allura a tsira mata, ba a san me ke damunta ba. Kuɗi ya tafi, dabba ta tafi, wani lokaci cutar ta koma kan mai ita. Dabba amana ce da ba ta da bakin cewa ga inda ke mata ciwo. Hajiyar nan ta fita rungume da kyanwarta, da takardar abincin masu ciwon ƙoda a hannu, kwalbar maganin tsutsa kuwa a teburin likita ta baro ta.