Asalin Majalisun Masu Barin Barasa a Amurka

Duk wanda jarabar barasa ta ci ƙarfinsa a wani birni na Amurka a yau, in ya yi niyyar tuba, da wuya ya rasa majalisa kusa da gidansa, ko a ɗakin ƙasa na wata majami'a ko a zauren asibiti, inda za a tarbe shi da kujera da kofin gahawa, ba a tambayi asalinsa ko sana'arsa ba, balle a nemi kuɗin shiga. Wannan al'ada kuwa ba ta cika shekara ɗari ba, kuma sai da wata irinta ta tashi ta faɗi kafin ita ta kafu.

A shekarar 1840 waɗansu mashaya shida da suka saba haɗuwa a wani gidan giya a Baltimore suka yi wa juna alkawarin bari, suka sa wa jam'iyyarsu sunan Washington. Hikimarsu kuwa ita ce, maimakon mai wa'azi ya hau mumbari ya zargi mashayi, mashayin da kansa ya tashi ya ba da labarin halakarsa da kuɓutarsa. Jama'a suka yi ta shiga dubbai, har Abraham Lincoln ya yi musu jawabi a Springfield a 1842, tun bai zama shugaban ƙasa ba. Amma shuhura ta zame musu fitina, domin sun tsunduma cikin jayayyar siyasa, ta haramta giya da doka da ta 'yanta bayi, sa'an nan waɗansu mashahuran masu jawabinsu suka koma wa kwalba a idon duniya, ba a yi shekara goma ba sai ga jam'iyyar ta watse. Dokar haramcin da hukuma ta kafa daga 1920 zuwa 1933 ita ma ba ta warkar da mai jaraba ba.

A watan Mayu na 1935 wani dillalin hannun jari daga New York, Bill Wilson, wanda ya yi wata biyar bai kurɓa ba, ya je Akron ta jihar Ohio kan wata harka, harkar ta lalace, ya tsaya a farfajiyar otal ɗin Mayflower cikin baƙin ciki: a wannan gefe ga ɗakin shan giya, ana jin dariya da ƙarar tambulan, a wancan gefe ga allon sunayen majami'u da wayar tarho. Ya nufi wayar, ya yi ta bugawa yana roƙon a haɗa shi da wani mashayi, har wata mata, Henrietta Seiberling, ta sada shi da Dakta Bob Smith, likitan fiɗa, wanda ya yarda da zaman minti goma sha biyar kaɗai, amma suka kai dare suna magana. Abin da ya ratsa zuciyar likitan shi ne, baƙon bai zo da da'awar ceto ba, ya zo ne yana ikirarin cewa shi ke bukatar abokin zance don kada ya faɗi. A watan Yuni, a ranar da mabiyan majalisun nan suke lissafin tarihinsu daga gare ta, Wilson ya miƙa masa kwalbar giya ɗaya don hannunsa ya daina rawa kafin ya shiga ɗakin fiɗa, ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa.

Daga haɗuwar mutanen nan biyu majalisar ta faro, amma da farko ba a samun ta sai ta bakin wani, domin a gidaje ake zama, ƙarƙashin wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford. A 1939 suka wallafa littafinsu, Alcoholics Anonymous, mai ɗauke da matakai goma sha biyu, waɗanda suka tattara amincewa da gazawa, da muhasabar kai, da neman afuwar waɗanda aka zalunta. A 1941 kuma mujallar Saturday Evening Post ta buga labarinsu, wasiƙu suka yi ta kwarara ƙaramin ofishinsu na New York, mabiya suka tashi daga wajen 2,000 zuwa 8,000 a shekarar. Daga nan birane suka buɗe ofisoshi masu wayar tarho da jadawalin majalisu, tsohon ɗan majalisa kuma ya riƙa ɗaukar nauyin sabo.

A ganina abin da ya tsare su daga makomar magabatansu shi ne ƙa'idojin da suka tabbatar a taron Cleveland a 1950: sharaɗin shiga ɗaya ne, son barin sha, ba a karɓar kuɗin wanda ba ɗan majalisa ba, sai abin da aka jefa a kwandon da ake zagayawa da shi, ba a tsoma baki cikin siyasa, ba a bayyana cikakken suna a jarida. Wanda ya zauna gaban malamai ya ji falalar suturta aibin ɗan'uwa da illar riya ba zai yi mamakin amfanin wannan ba. Wilson kansa, ko da yake mutum ne mai son a san shi, ya ƙi digirin girmamawa da jami'ar Yale ta yi masa tayi a 1954, kuma akasarin mutanen Amurka ba su ji cikakken sunansa ba sai da jaridu suka buga rasuwarsa a watan Janairu na 1971.