Barbara Jordan da Tuhumar Sassauci

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo tsakanin masu nazarin tarihin baƙar fatar Amurka, wai Barbara Jordan gwanar majalisa ce kawai, ba ta cancanci a lissafa ta cikin 'yan gwagwarmaya ba. Tarihinta sananne ne, Mary Beth Rogers ta tattara shi a 1998: an haife ta a Houston a 1936, ta faɗi zaɓe a 1962 da 1964, sa'an nan a 1966 ta ci zaɓen shiga Majalisar Dattawan jihar Texas, inda rabon baƙar fata da kujera tun 1883.

Wanda ya fi kowa kaifafa wannan tuhuma shi ne Curtis Graves, abokin takararta a zaɓen fid da gwani na 1972, wanda ya zarge ta da kusantar manyan fararen fata, har ta sami hannu wajen shata mazaɓar da ta kai ta majalisar tarayya. Hujjarsa ba ta rasa madafa ba, gama kusancinta da tsohon shugaban ƙasa Lyndon Johnson ba ɓoyayye ba ne. Amma duk wanda ya dubi zauren Majalisar Dattawan Texas da idon basira, ya ga kujeru 31, talatin na maza farare, ɗaya tak ta mace baƙa, zai gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma dokar mafi ƙarancin albashi ta farko a Texas, wadda ta tsaya mata tsayin daka, ba za ta tsallake ba sai da ƙuri'un waɗanda Graves yake so ta ƙaurace wa. Da ta ƙaurace musu, leburan da ke jiran ƙarin ladan guminsa ne zai biya diyyar fushinta.

Lalle ba za a ce kowane sulhu nata maslaha ce ga talaka ba, batun mazaɓa kuwa ya haɗa bukatar jama'a da tata. Iyakar abin da dalili ya tabbatar shi ne, kusancin nan ya haifi dokoki, har a 1975 ta taimaka aka faɗaɗa Dokar 'Yancin Zaɓe ta shafi Texas da masu jin Sifaniyanci. A ganina adalci shi ne a auna ɗan gwagwarmaya da abin da ya ƙwato wa raunana, a wannan mizani kuwa Jordan ta yi rinjaye.