Abin da ke hana haɗuwa da kwamfuta daga nesa da yadda ake magance shi

Manhajoji irin su AnyDesk, TeamViewer da Remote Desktop na Microsoft, wanda a Windows na Faransanci ake kira «Bureau à distance», suna ba mutum damar sarrafa kwamfutar da ke wani gari kamar yana zaune gabanta. Idan haɗin ya ƙi, a bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, a tabbatar ɓangarorin biyu suna da intanet, ta hanyar buɗe wani shafi a kowace kwamfuta. Wani lokaci matsalar ta yankin ce baki ɗaya, kamar ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku ta katse sadarwa a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma.

Na biyu, dole kwamfutar da ake son shiga ta kasance a kunne, ba ta yi barci ba. A kuma duba kwanan wata da agogonta, domin idan sun kauce bayan ɗaukewar wuta, haɗin na iya ƙin kulluwa.

Na uku, kowace manhaja tana da lambar ƙofar da take bi. Remote Desktop na bin 3389, TeamViewer 5938, AnyDesk kuwa 80, 443 da 6568. Katangar tsaron Windows ko manhajar kashe bairos na iya toshe su, don haka a ba manhajar izini maimakon kashe tsaron gaba ɗaya.

Na huɗu, Windows Home ba ya karɓar shiga ta Remote Desktop, sai Pro ko sama da shi. Haka nan intanet na layin waya galibi yana haɗa masu amfani da yawa a kan adireshin IP ɗaya, abin da ke hana shiga kai tsaye daga waje. A nan VPN ko AnyDesk da TeamViewer su ne mafita, tunda suna iya bi ta na'urorin kamfanoninsu.

Idan haɗin yana yankewa ko hoto yana tsayawa, a rage ingancin hoton, kuma a yi amfani da wayar intanet maimakon Wi-Fi.

A guji barin ƙofa 3389 a buɗe ga duniya, domin masu kutse suna farautarta. Kada kuma a ba baƙo lambar shiga ko kalmar sirri, ko da ya ce daga banki yake kira, domin wanda ya shiga yana ganin duk abin da ke kan allo.