Yadda Ɗan Rahoton Unguwa Ya Samu Gindin Zama a Yamai

In gobara ta tashi a kasuwar Katako, ko kogin Isa ya cika ya haura gidajen Harobanda, cikin waɗanda za su fara isa wurin akwai wani matashi bisa babur, da salula a hannu, yana tambayar mutane abin da ya faru. Zai yi tambaya da Zabarmanci, ya juya ya yi da Hausa, in ya ga mai kaki ya koma Faransanci. Kafin la'asar muryoyin da ya ɗauka sun zaga gari. Yau an saba da shi, amma shekaru arba'in da suka wuce babu mai irin wannan aiki a Yamai.

Gidan rediyon farko, Radio Niger, ya fara aiki a 1958, shekara biyu kafin samun ƴancin kai. A zamanin shugaba Diori Hamani labari daga sama yake gangarowa: shugaba ya tafi, shugaba ya dawo, minista ya buɗe taro. Jaridar gwamnati, Le Temps du Niger, da Faransanci take fita, a ƙasar da ƴan ƙalilan ne suka shiga lakwal. Ɗan jarida ma'aikacin gwamnati ne, albashinsa na zuwa daga baitulmali kamar na malamin asibiti.

Sai dai a cikin wannan tsari aka shuka irin da ya tsiro daga baya. A 1962 aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs ta Nijar. Masu tafiyar da ita, galibi malaman makaranta, sukan ɗauki rakoda su shiga ƙauyuka da unguwanni, su tara mutane a saurari shiri kan noma, kiwon lafiya ko haraji, sannan a yi muhawara. Abin da manomi ko mai sana'a ya faɗa, da harshensa, ana naɗe shi a aika Yamai, a tace, a sake watsawa. Gaskiya ne gwamnati ce ke zaɓen batun, ita ce kuma ke riƙe da almakashi. Duk da haka, a nan talakan Nijar ya fara jin muryar ɗan'uwansa talaka tana fitowa daga akwatin rediyo. A ganina waɗannan malamai su ne kakannin ɗan rahoton unguwa, fiye da duk wani marubucin jarida na wancan lokaci.

Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 aka sauya sunaye: rediyo ta zama Muryar Sahel, jarida ta zama Le Sahel. Baki dai ya ƙara rufuwa. Makarantar koyon aikin jarida ta Yamai, wadda aka fi sani da IFTIC, ta yaye ƙwararru da dama, amma ƙofar aiki ɗaya ce tal.

Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy, uku suka mutu. Ƴan watanni bayan haka Ibrahim Cheick Diop ya fitar da Haské, jarida ta farko mai zaman kanta. Maman Abou ya biyo da Le Républicain a 1991, shekarar babban taron ƙasa. Jaridun nan sun yi ƙoƙari, sun tono abubuwan da da ba a isa a furta ba. Amma mako-mako suke fita, da Faransanci, kuma hankalinsu na kan rigimar ƴan siyasa. Mai sayar da itace a Boukoki ba ya cikin lissafinsu, ko a matsayin mai karatu ko a matsayin labari.

Rediyo mai zaman kanta ce ta canja wannan. R&M ta buɗe a 1994, Anfani ta Grémah Boucar a 1995, sai Ténéré, Saraounia da sauransu suka biyo. Nan take aka buƙaci wani irin ma'aikaci dabam, wanda ya san lungunan gari, ya iya harsunan kasuwa, mai unguwa ya san fuskarsa. Labarin magudanar da ta toshe, farashin buhun hatsi, yaron da ya ɓata, rikicin fili, duk suka samu gurbi kusa da labarin majalisa. Sanarwar rasuwa, aure da suna kuwa, wadda ake biya a karanta, ita ce ta riƙe gidajen da yawa. Masu mulki ba su jima ba suka gane ƙarfin abin. Lokacin zaɓen 1996, zamanin Ibrahim Baré Maïnassara, sojoji suka rufe Anfani na makonni. A 1997 wasu masu kaki suka shiga suka farfasa kayan aikinta.

Daga nan tarihin ya zama na a sassauta a ɗaure. Moussa Kaka, shugaban Saraounia kuma wakilin gidan rediyon RFI, ya shiga kaso a Satumban 2007 bisa zargin hulɗa da ƴan tawayen MNJ, bai fito ba sai Oktoban 2008. A 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta soke hukuncin ɗauri kan laifin aikin jarida. Ranar 30 ga Nuwamban 2011 Mahamadou Issoufou ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain ta ƴancin ƴan jarida, har Nijar ta hau matsayi na 29 a jerin ƙungiyar RSF na ƴancin ƴan jarida.

Abin da dokokin nan ba su taɓa ba shi ne aljihu. Ƴan rahoto da yawa sun yi shekaru da sunan masu neman ƙwarewa, ba kwantaragi, albashi in an samu. Mai shirya taro shi ke bayar da kuɗin mota, jika biyu ko biyar a ambulan, kowa kuma ya san bakin da ya ci shi ke godiya. Shi ya sa labaran dare suka cika da bitar ƙungiyoyi a otal-otal, alhali unguwar da ruwa ya ci ba ta da ambulan da za ta miƙa. Waɗanda suka dage suka je can duk da haka, kamar lokacin ambaliyar 2020 a Lamordé ko gobarar makarantar zana ta unguwar Pays-Bas a Afrilun 2021, inda yara ashirin suka rasu, sau da yawa da man babur ɗinsu suka je. Studio Kalangou, da aka buɗe a Yamai a 2016 da tallafin Fondation Hirondelle, ta nuna yadda aikin ke kyau in an biya wakili, tana watsa labarai da harsuna biyar ta gidajen rediyon da ke hulɗa da ita.

Salula ta rage wahalar kayan aiki, ta kuma kawo wata. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta buɗe wa kaso ƙofar baya. Da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a 2020 kan rubutun Facebook. An sassauta dokar a 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka dakatar da RFI da France 24, a Janairun 2024 aka dakatar da ƙungiyar ƴan jarida ta Maison de la Presse, a Yuni kuma aka maido da hukuncin ɗauri kan abin da aka watsa ta intanet. Matashin da ke bin labarin unguwa yau yana gasa da saƙon murya na WhatsApp, wanda kan riga shi isa kuma ba mai tambayar sahihancinsa. Shi kuwa sunansa na kan rahoton, kuma ofishin ƴan sanda ya san gidan rediyon da yake aiki.