Ikilisiyoyin Fentikos a Najeriya: Farkawa, Bishara da Neman Haɗin Kai

Ikilisiyoyin Fentikos sun samo sunansu ne daga idin da Yahudawa ke yi kwana hamsin bayan Idin Ƙetarewa, ranar da littafin Ayyukan Manzanni ya ce Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajiran Yesu har suka yi magana da waɗansu harsuna. Masana sukan ɗora mafarin tafiyar a kan farkawar da William Seymour ya jagoranta a titin Azusa na birnin Los Angeles a Amurka cikin 1906, amma a Najeriya tushenta na gida ne, domin annobar murar 1918 ce ta haifi wata ƙungiyar addu'a a cikin cocin Anglikan na Ijebu-Ode, wadda ta dogara ga addu'a kaɗai wajen neman waraka.

Farkawa, wato lokacin da jama'a ke tururuwar tuba da sabunta bangaskiya, ta kankama a 1930 a Ilesha ta hannun Joseph Ayo Babalola, tsohon direban injin daɓe hanya, wanda mutane suka riƙa kawo masa layu da guraye ana ƙonawa, suna komawa gida da kwalaben ruwan da ya yi wa addu'a. Da hukumomin mulkin mallaka suka matsa wa tafiyar, sai shugabanninta suka gayyato 'yan mishan na Apostolic Church daga Birtaniya a 1931, sai dai zumuntar ba ta daɗe ba, saboda an gano Turawan suna shan kwinin don maganin zazzaɓin cizon sauro, abin da masu bi da yawa suka ɗauka raunin bangaskiya ne. Ƙwayar maganin nan na cikin abubuwan da suka raba tafiyar wajajen 1940, aka sami Christ Apostolic Church.

Zango na biyu ya zo bayan yaƙin basasa, lokacin da farkawa ta shiga jami'o'i, kuma ba ƙaramin abin lura ba ne cewa William Kumuyi, wanda ya fara ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na Deeper Life a 1973, da Enoch Adeboye, wanda ya gaji shugabancin cocin Redeemed a 1981, dukansu tsofaffin malaman lissafi ne. Shirin yi wa ƙasa hidima da aka ƙirƙiro a 1973 ya kai irin waɗannan matasa Arewa, inda aka kafa ƙungiyar bishara ta CAPRO a Zariya a 1975, David Oyedepo kuma ya reni cocinsa a Kaduna kafin ya koma Legas. Wa'azin fili bai rasa haɗari ba, kamar yadda tarzomar Kano ta Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke ta nuna.

Haɗin kai shi ne ya zo a makare. Ƙungiyar PFN, wato haɗakar ikilisiyoyin Fentikos na Najeriya, ta samo asali ne daga babban taron bisharar da Uma Ukpai ya shirya a Legas a 1985, daga bisani ta shiga ɗaya daga cikin rukunoni biyar na ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN, kuma muhawarar shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986 ta ƙara tura ikilisiyoyin ƙarƙashin inuwa guda. Haɗin nasu ya fi ƙarfi wajen magana da gwamnati da murya ɗaya, amma koyarwa da dukiya da naɗin fastoci har yanzu suna hannun shugaban kowace ɗarika.